Mariƙin Tagar Roba: Yadda Yake Lalacewa da Yadda Ake Canza Shi

Wanda ya zagaya sababbin unguwannin Yamai, ko na Maraɗi da Damagaram da Tawa, zai lura cewa taga ta sake kama. A gidan ƙasa na dā, taga ƴar kafa ce a saman bango, ana toshe ta da tsumma in ɗari ya yi. Daga baya aka shiga sa ƙyauren katako, sannan na ƙarfe mai ganye-ganye wanda masu walda ke ƙerawa a bakin hanya, sannan na alminiyom da gilashi. Yanzu kuwa, a waɗansu ma'aikatu da masaukan baƙi da gidajen likita da gidajen masu hali, ana ganin wata farar taga mai santsi wadda jikinta na roba ne mai tauri.

Wannan taga tana da amfani da yawa. Gara ba ta cin ta, tsatsa ba ta kama ta, ba ta bukatar fenti, kuma in an rufe ta sosai tana tare ƙura da ruwa da ƙarar motoci. Amma duk wannan amfani ya rataya ne ga abu guda da bai wuce tsawon tafin hannu ba, wato mariƙin da ake murɗawa a buɗe ko a rufe. Ranar da ya karye, sai taga mai tsada ta koma ramin bango: ko ta ƙi rufuwa, sauro da ƙura da ɓarawo su sami hanya, ko ta ƙi buɗuwa, mutane su zauna cikin zafi. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sau da yawa, mariƙi na karyewa sai a ɗaure taga da waya, ko a tokare ta da kujera, ko kuma a ce ta mutu sai an sake sabuwa. Alhali kuwa mariƙin kaɗai ake canzawa, da kusoshi biyu, cikin ɗan lokaci kaɗan. Abin da aikin ke bukata shi ne a gano dalilin karyewar, a kuma yi awo kafin a tafi kasuwa.

Asalin tagar roba

Robar da ake yin waɗannan tagogi ana kiran ta PVC. Daga abu biyu ake haɗa ta: gishiri da man fetur. Fiye da rabin nauyinta, wajen kashi 57 cikin 100, sinadarin kulorin ne da ake cirowa daga gishiri. Wani masani Bajamushe, Eugen Baumann, ya gan ta a shekarar 1872, lokacin da ta daskare fara fat cikin kwalbar da aka bari a rana. A shekarar 1913 wani Bajamushe kuma, Fritz Klatte, ya sami takardar mallakar hanyar sarrafa ta. Tagar roba ta farko an ƙera ta a Jamus a shekarar 1954, da aikin wani mai suna Heinz Pasche tare da kamfanin Dynamit Nobel. Bayan tsadar man fetur ta shekarar 1973, mutanen Turai suka dage wajen neman tagar da ba ta barin ɗumin ɗaki ya fita, sai tagar roba ta bazu ko'ina. A yau ana ƙera ta da yawa a Turai da Turkiyya da ƙasar Sin.

Wannan tarihi yana koya abu guda: an ƙago tagar ne a ƙasar sanyi, ta kuma bazu domin maganin sanyi. A Nijar kuwa zafi da ƙura take tarewa, musamman a ɗakin da aka sa na'urar sanyaya iska, inda kowace kafa da aka bari kuɗin lantarki ne ke fita ta cikinta. Saboda haka tana bukatar kulawar da ta fi wadda take samu a ƙasar da aka haife ta.

Abin da ke bayan mariƙi

Taga sashe biyu ce. Akwai gidan taga, wanda ke kafe cikin bango, akwai kuma ƙyaure, wanda ke ɗauke da gilashi yana buɗewa yana rufuwa. A jikin ƙyauren ake ɗaura mariƙi.

A bayan mariƙin akwai wata sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu, wadda faɗinta milimetir 7 ne a mafi yawan tagogi. Sandar tana shiga cikin wata ƴar akwati mai haƙora da ke ɓoye cikin ƙyaure. Idan an murɗa mariƙi, sanda ta juya haƙora, haƙora su tura wani siririn ƙarfe da ke kwance a gefen ƙyaure, shi kuma ya ja waɗansu ƴan kawunan ƙarfe su shige mazauninsu a jikin gidan taga. Ta haka ne murɗa guda ke kulle taga a wuri uku ko huɗu ko fiye. Wannan ke nuna cewa ƙarfin da ake bukata don motsa dukan ƙarafan nan, ta cikin mariƙi da ƴar sandarsa yake bi.

A tagogin da aka yi bisa tsarin Jamus da Faransa, mariƙi yana da matsayi uku. In ya dubi ƙasa, taga a kulle take. In ya kwanta a gicciye, ƙyaure zai buɗe gaba ɗaya kamar ƙofa. In ya dubi sama, saman ƙyaure ne kaɗai zai kishingiɗo cikin ɗaki don iska ta shiga. Ba a sauya matsayin mariƙi sai ƙyaure yana manne da gidansa.

Akwai kuma waɗansu ire-ire. Tsofaffin tagogin Ingila suna da mariƙi marar sanda, mai ɗan hanci da ke hawa kan wani tudu a jikin gidan taga. Tagogin da ake turawa gefe kuwa, yawancinsu ƴar sakata gare su mai kamar jinjirin wata, ko wadda ke nutse cikin jikin ƙyaure. Kowane iri da nasa abin canji, ba a sa na wani a wurin wani.

Me ke karya mariƙi?

Mariƙi bai cika karyewa haka kawai ba. Galibi wani abu ne ya taurare a bayansa, mutane suka riƙa ƙara ƙarfi har ya gaza.

Abu na farko shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana ke ƙidayawa cikin wuraren da suka fi tada ƙura a duniya. A farkon damana kuma guguwa ke riga ruwa isowa da rairayi. Wannan ƙura tana shiga hanyar siririn ƙarfen nan, ta gauraya da tsohon mai, ta zama kamar taɓo mai tsakuwa. Daga nan murɗawa ta fara nauyi.

Na biyu shi ne zafi. Roba tana miƙewa in ta sha rana, ta fi alminiyom kusan sau 3, ta fi ƙarfe kusan sau 6. Tsawon metir 1 na robar da ba a ƙarfafa ba yana iya ƙaruwa da wajen milimetir 2 idan zafi ya hau da digiri 30. Shi ya sa maƙera ke zura ƙarfe cikin cikinta. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, tagar da ke duban yamma takan cije da la'asar, da safe kuma ta saki. Mai duhun launi ta fi fara shan wannan wahala. Wanda ya san haka ba ya kokawa da ita cikin rana: sai ya shafe jikinta da tsumma mai ruwan sanyi, ya ɗan dakata.

Na uku shi ne saukar ƙyaure. Gilashi yana da nauyi, balle mai ruɓi biyu. Da daɗewa ƙyaure yakan sauka kaɗan ta gefen mariƙi, sai kawunan ƙarfe su daina daidaita da mazauninsu. Alamar haka ita ce ƙasan ƙyaure yana gugar gidan taga, ko sai an ɗaga shi kafin ya rufu.

Na huɗu shi ne hannun mutane. Wani yana rataya jaka ko rigar sanyi a mariƙi. Wani yana fizgar taga da shi. Yara suna lilo da shi. A biro kuwa, inda kowa ke taɓawa ba mai kula, kusoshi sukan saki, mariƙi ya yi ta girgiɗi wata da watanni har mazauninsa ya cinye.

Na biyar shi ne ƙarfen kansa. Mariƙai da yawa ana zuba su ne da wani gauraye da ake kira zamak, wanda mafi yawansa tutiya ce da ɗan alminiyom. Ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle farat ɗaya. Mai arha kuma siriri ne a wuya, daidai inda ƙarfi ke taruwa. Araha ba ta ado.

A gano inda ciwo yake

Kafin a sayi komi, sai a yi gwaji guda mai sauƙi. A buɗe ƙyaure, a murɗa mariƙi a hankali, a dubi gefen ƙyauren. A waɗansu tagogi akwai ɗan harshen ƙarfe a gefen da ke hana murɗawa in taga tana buɗe, sai a danne shi da yatsa tukuna.

Idan mariƙi yana girgiɗi amma kawunan ƙarfe suna tafiya, kusoshi ne suka saki, ɗauri kawai suke so. Idan yana juyawa da sauƙi taga a buɗe, amma ya taurare in an rufe, ƙyaure ne ya sauka ko ya kauce, sai a daidaita shi. Idan yana da nauyi ko a buɗe ko a rufe, ƙura ce da rashin mai. Idan kuwa yana juyawa fayau, kawunan ba su motsi, to ko sandarsa ta cinye ko haƙoran akwati sun karye. A nan sai a kwance mariƙin wata taga mai lafiya a gwada. In kawunan sun motsa, mariƙi kaɗai ya mutu. In ba su motsa ba, akwatin haƙora ce, wannan kuma aikin gwani ne, ko da yake ita ma ana canza ta ba tare da an tumɓuke taga ba.

Wanda ya sa sabon mariƙi bai kawar da dalilin karyewar tsohon ba, zai koma kasuwa kafin shekara ta kewayo.

Awo kafin saye

Mariƙai suna kama da juna a ido, amma milimetir kaɗan ke raba mai shiga da marar shiga. Abin da ya fi shi ne a kwance tsohon a tafi da shi kantin kayan gini. Duk da haka yana da kyau a auna abu huɗu, a rubuta su a takarda.

Na ɗaya, tsawon sanda, daga gindin mariƙi zuwa ƙarshenta. Wannan ne ya fi bambanta, daga wajen milimetir 15 har zuwa 55. In tsohuwar ta karye, sai a zura tsinke cikin ramin har ya tokare, a yi masa alama, a auna. Sandar da ta yi tsawo ana iya rage ta da zarton ƙarfe a goge bakinta. Wadda ta gajarta ba ta da magani: bakin haƙora kaɗai za ta kama, ta cinye su.

Na biyu, faɗin sanda. Na taga milimetir 7 ne galibi. Akwai mariƙan ƙofa masu milimetir 8, ba su shiga ramin taga, kada a buga su da guduma.

Na uku, tazarar da ke tsakanin kusoshi biyu, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. A mafi yawan tagogin roba milimetir 43 ne.

Na huɗu, ƴan tudu biyu da ke bayan gindin waɗansu mariƙai, masu shiga cikin jikin ƙyaure. Akwai masu kaurin milimetir 10, akwai masu 12.

Bayan wannan, a duba ko mariƙin miƙaƙƙe ne ko mai karkata. Miƙaƙƙe yana zama a kowane gefe, mai karkata kuwa akwai na dama akwai na hagu. Mai hanci irin na Ingila, tsayin da ke tsakanin gindinsa da ƙarƙashin hancin ake aunawa. A ɗakin bene inda akwai yara ƙanana, da tagogin da ke bakin titi, ya kamata a zaɓi mai makulli ko mai maɓallin dannawa. Amma a ajiye makullin kusa, inda manya suka sani, domin in gobara ta tashi taga hanyar tsira ce.

Yadda ake canza shi

Kayan aiki ba su da yawa: turnabis mai bakin da ya dace da kan kusa, ma'auni, tsohon burushin haƙori, tsumma, da ɗan man keken ɗinki.

Da farko a kwantar da mariƙi a gicciye, wato a matsayin buɗewa. A gindinsa akwai ɗan murfi. A tagogin tsarin Jamus da Faransa, ana jawo murfin da yatsu a juya shi ya gitta, sai kawunan kusoshi biyu su bayyana, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A waɗansu kuma ƴan murafai ne ƙanana da ake ɓamɓarewa da farce. Kada a sa wuƙa da ƙarfi, domin roba in ta yi tabo ba ta warkewa.

A kwance kusoshi biyun, ana riƙe da mariƙi. A zaro shi sak, ba tare da karkatawa ba. A ajiye tsofaffin kusoshi, domin sau da yawa tsawonsu ya fi dacewa da tagar bisa ga waɗanda suka zo da sabon. Kusar da ta yi tsawo tana iya tokare ƙarafan ciki, gajera kuwa ba ta kamawa.

A share ramin da gefen ƙyaure da burushi, a ɗiga mai kaɗan. Sannan a kwantar da sabon mariƙi a gicciye kamar yadda aka cire tsohon. Wannan wuri ne mutane suka fi kuskure: in an sa shi yana duban ƙasa alhali akwatin haƙora tana matsayin buɗewa, taga za ta riƙa yin akasin abin da ake nufi. A zura sanda har gindin mariƙi ya kwanta a jikin ƙyaure. A fara ɗaura kusoshi biyun da yatsu, sannan da turnabis, ana ba wannan ana ba waccan. In sun kama sai a tsaya, domin ɗaurin da ya wuce kima yana fasa gindin mariƙi, yana kuma taurara juyawarsa.

A mayar da murfi. A rufe taga a gwada dukan matsayi sau biyu ko uku. A ƙarshe a sa takarda tsakanin ƙyaure da gidansa, a kulle, a ja. In ta fito ba turjiya, taga ba ta matse ba. Kawunan ƙarfe da maratayan ƙyaure ana daidaita su da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa shida, galibi na milimetir 4, ana juyawa kaɗan-kaɗan. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya kira wanda ya sa tagar ya nuna masa sau ɗaya.

Abubuwan da ba a yi

Ba a kai mariƙin zamak wurin mai walda, domin yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, wutar walda kuwa ta ninka haka nesa. Ba a yin walda ko kusantar da garwashi kusa da tagar roba, domin tun wajen digiri 80 take fara laushi. Ba a huda jikin taga don a kafa ƙwaɗo ko sakatar ƙarfe, domin ruwa zai bi ramin ya tsatsa ƙarfen da ke ciki. Ba a murɗa akwatin haƙora da bakin turnabis kullum a maimakon mariƙi, domin ramin mai kusurwa huɗu zai zama kewayayye.

Ba a shafa wa ƙarafan taga man gyaɗa ko man ja. Suna yin danƙo, su riƙe ƙura, ciwo ya ƙaru. Baƙin man mota kuma yana ɓata baƙar roba mai taushi da ke kewaye da bakin ƙyaure. Jikin taga da ruwa da sabulu ake wanke shi. Ruwan tsinka fenti da yashin goge tukunya suna cinye fatarsa.

Tattalin taga tattalin dukiya ne

Maƙeran tagogi suna ba da shawarar a share ƙarafan a sa musu mai aƙalla sau ɗaya a shekara. A ƙasa mai ƙura sau biyu ya fi: bayan wucewar hunturu, da kuma ƙarshen damana. Kafin ruwan farko kuma a duba ƴan ramukan da ke ƙasan gidan taga, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu, a zare ƙasar da ta toshe su. Rigakafi ya fi magani.

Maganar ta wuce ta kyan gini. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta, daga faɗuwar rana zuwa asuba, kuma ya fi yawa a damana da kaka. Tagar ɗakin haihuwa ko ta ɗakin kwanan yara da ba ta rufuwa ƙofa ce aka buɗe masa. A biro, ƙura tana shiga takardu da na'urori. Ga kuma ɓarawo, wanda ba ya bukatar a gaya masa wace taga ce aka ɗaure da waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nijar ba ta da bakin teku. Kowace taga da aka shigo da ita ta yi doguwar tafiya, an kuma biya kuɗin kowane zango. Jefar da ita saboda mariƙi ɓarna ce babba. Saboda haka ya dace shugabannin ma'aikatu da na lakwal da na gidajen likita su ɗora wa mutum guda nauyin zagaya tagogi lokaci-lokaci, da littafin da zai rubuta awon kowane iri. Ya dace kuma, ranar da ake karɓar sabon gini daga hannun ɗan kwangila, a nemi ya bar mariƙai da kusoshi na ajiya, domin irin da ke kasuwa bana ba lalle a same shi baɗi ba. Masu walda da kafintoci da yaransu masu koyon sana'a, su ma ga ƙofar samu ta buɗe musu, tun da tagogin nan suna ƙaruwa, kuma kowace za ta nemi gyara wata rana.

Maigida kuwa, in ya ji mariƙi ya fara nauyi, kada ya ƙara masa ƙarfi. Ya buɗe, ya duba, ya share, ya ɗiga mai. In ya riga ya karye, ya auna, ya rubuta, ya saya, ya ɗaura. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.